Yadda za ka tono takardun sa idon da 'yan sandan Amurka ke yi wa mutane a soshiyal midiya

A watan Fabrairun 2018 reshen ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na jihar Masacusets ya fitar da wasu takardu da ya karɓo daga hannun 'yan sandan Boston, a ciki aka ga jerin kalmomin da suka riƙa zuba wa wata manhaja mai suna Geofeedia tsakanin 2014 da 2016 don ta riƙa tsamo musu duk wanda ya rubuta su a intanet. Cikin kalmomin nan akwai #BlackLivesMatter, akwai #MuslimLivesMatter, kuma akwai kalmar "ummah". Al'umma fa, kalmar da duk Musulmi yake faɗa a addu'a da gaisuwar sallah ba tare da ya yi tunanin komai ba, ita ce ta zama tarkon da ke jefa rubutun mutum gaban jami'in tsaro. Har rubutun wani kansilan birnin sai da ya faɗa komar. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, kuma abin da nake so a lura da shi shi ne ba kutse aka yi wa kwamfutar kowa ba, ba kuma wani ɗan sanda ne ya kwarmata ba, wasiƙa kawai aka rubuta bisa doka aka ce a ba mu takardu kaza da kaza, aka bi sawu har aka bayar.

To wannan hanyar ce zan shimfiɗa a nan, ga ɗan jarida, ga ɗalibi mai bincike, ga shugaban masallaci ko na ƙungiya, ga duk wanda ke zaune a can yana son sanin abin da ake yi da harajinsa.

Ka fara sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Nan ne mutane da yawa ke ɓata wata guda a banza. Dokar da kowa ya fi sani ita ce FOIA, wato dokar 'yancin samun bayanan gwamnati, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966, amma ita hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, irin su FBI da ma'aikatar tsaron cikin gida da hukumar shige da fice. 'Yan sandan birni da ofishin sherif na gunduma da 'yan sandan jiha babu ruwansu da ita, kowace jiha cikin 50 ɗin nan tana da tata dokar da sunanta da wa'adinta. Idan ka aika wa 'yan sandan Niyok wasiƙa ka ambaci FOIA za su iya cewa ba ta hau kansu ba kuma gaskiyarsu ne, tasu sunanta FOIL. Ta Kalifoniya CPRA ce.

Wa'adin ma ya sha bamban. A tarayya kwanakin aiki 20 ne. Kalifoniya kwana 10 ne su faɗa maka ko suna da takardun kuma za su bayar, suna iya ƙara 14 idan da dalili. Niyok kwanakin aiki 5 ne su shaida maka wasiƙarka ta iso. Ilinoi 5, Masacusets 10. A Teksas idan hukuma tana son hana ka, dole cikin kwanakin aiki 10 ta rubuta wa babban lauyan jiha ta nemi hukuncinsa. Fulorida ba ta yanke adadin kwanaki ba amma dokarta na cikin masu faɗi, ba a ma tilasta ka faɗi sunanka. Ƙungiyar lauyoyin 'yan jarida ta RCFP tana da jagora kyauta a shafinta da ya bi jihohin ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe na jihar da kake nufi ka karanta kafin ka rubuta ko harafi ɗaya.

Sai maganar wa ke da ikon nema. FOIA ta tarayya cewa ta yi kowane mutum, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, ko daga wata nahiya kake za ka iya aikawa. Yawancin jihohi ma haka ne amma akwai 'yan kaɗan irin su Bajiniya da Tenesi da Akansas da suka keɓe wa mazaunansu kawai, kuma kotun ƙolin Amurka ta amince wa Bajiniya da hakan a 2013. Idan irin wannan jihar ce sai ka nemi wani mazauninta ya aika da sunansa. Haka kuma wanda takardun zamansa ba su gama daidaita ba, shawarata kar ya sa sunansa a wasiƙar da za ta je teburin 'yan sanda, ya bari ƙungiya ko lauya ko ɗan jarida su aika, don ita kanta wasiƙar neman takan zama takardar gwamnati da wani zai iya nema ya gani.

Kafin ka tambaya, ka kwashe abin da ke fili

Ka ware kwana biyu ko uku ka yi ta tono, zai rage maka wahala sosai. Akwai shafin Atlas of Surveillance da ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin jama'a a intanet ta buɗe a 2020 tare da ɗaliban aikin jarida na jami'ar Nebada da ke Rino, ka rubuta sunan birni sai ya nuna maka kayan sa idon da aka san 'yan sandansa na da su. Akwai MuckRock, wanda tun 2010 mutane ke aika buƙatunsu ta cikinsa, dubban wasiƙu da amsoshinsu suna nan a buɗe, kana iya tarar da wani ya riga ya tambayi abin da kake so shekara biyu baya kuma an ba shi, ko ka ga da wane uzuri aka kore shi sai ka kauce masa. Cibiyar Brennan mai bincike kan shari'a ma ta tara manufofin rundunoni da dama kan soshiyal midiya a wuri guda.

Bayan nan ka shiga shafin majalisar birnin ka duba ajandar zamansu da kasafin kuɗi, saboda sayayya idan ta haura wani adadi sai kansiloli sun amince, kuma sunan kamfanin kan fito a takardar zaman. Wasu biranen ma sun yi dokar da ta tilasta wa 'yan sanda bayyana kayan sa idonsu, Okland da Siyatul da San Faransisko suna ciki, birnin Niyok kuma ya yi tasa a 2020 wadda ta sa rundunar ta wallafa bayanin yadda take amfani da kowace fasaha. Na tarayya kuwa ka duba USAspending.gov, kwangiloli na nan da sunan kamfani da kuɗin.

Abin da kake farauta a wannan matakin sunayen kamfanonin da ke sayar da irin wannan manhaja ne. Geofeedia, Media Sonar, Dataminr, Babel Street, ShadowDragon, Voyager Labs, Cobwebs wanda yanzu ya haɗe da PenLink, Skopenow, Fivecast, Snaptrends, DigitalStakeout, ZeroFox. Ka rubuta su a gefe, har da sunayen hajojinsu, kamar First Alert na Dataminr da SocialNet na ShadowDragon da Tangles na Cobwebs, domin wani lokaci a takardar biyan kuɗi sunan manhajar ne zai fito ko ma sunan dillalin da ya sayar, sunan kamfanin ba zai fito ba sam.

Rubuta wasiƙar, nan ne aikin yake

Abu guda da nake so ya zauna maka a kai: dokar nan takarda take ba ka, ba ta tilasta wa kowa ya amsa tambayarka, ba ta kuma tilasta musu su ƙirƙiro takardar da babu ita. Idan ka rubuta "shin kuna leƙen asirin masu zanga-zanga a Facebook?" za a mayar maka da layi ɗaya cewa wannan tambaya ce ba neman takarda ba, shikenan an rufe fayil. Nima da wannan kuskuren na fara, na zauna na tsara tambayoyi masu zafi ina ganin na ƙure su, bayan makonni amsar da ta zo ba ta kai tsawon gaisuwar da na buɗe wasiƙar da ita ba. Don haka ka juya tunaninka, ka tambayi kanka: idan da gaske suna amfani da irin wannan manhaja, wace takarda ce dole ta wanzu? Dole an yi ciniki, dole an biya kuɗi, dole wani ya koya wa wani yadda ake amfani da ita, dole an yi musayar imel. Waɗannan za ka nema.

Da Turanci za ka rubuta, a taƙaice, ka ambaci sunan dokar jihar a layin farko, sannan ka jera abin da kake so da lamba don kar a amsa ɗaya a yi shiru kan sauran. Ka fara da na kuɗi: kwangila, takardar odar saye, takardar neman biya, rasit, lasisin amfani, takardar farashin da kamfani ya aiko, da takardun neman tallafi idan da kuɗin tallafi aka saya. Waɗannan su suka fi sauƙin samu don da wuya hukuma ta iya cewa abin da ta kashe na jama'a sirri ne, kuma sau da yawa ba ma a hannun 'yan sanda kaɗai suke ba, ofishin saye-saye na birni da ofishin akanta suna da kwafi, to ka aika musu su ma tasu wasiƙar daban. Ma'aikacin ofishin kuɗi ba shi da dalilin ɓoye rasit, kullum shi yake fitarwa.

Kar ka manta da gwajin kyauta. Wannan wurin yana da muhimmanci ƙwarai, kamfanonin nan sukan ba runduna manhaja ta yi wata uku ko huɗu tana gwadawa ba a biya ko sisi ba, ka ga babu kwangila babu rasit, idan kuɗi kaɗai ka tambaya za a ce maka babu takarda kuma ba a yi ƙarya ba. Takardun da cibiyar Brennan ta ƙwato daga 'yan sandan Los Anjalas, bayan ta kai su kotu, aka fara fitar da su a 2021, sun nuna rundunar ta yi gwajin manhajar Voyager Labs a 2019, kuma a imel ɗin da ke tsakaninsu da kamfanin ne aka ga irin abin da manhajar ke alfaharin iyawa, har da bin abokan mutum da amfani da asusun bogi. Saboda haka ka rubuta a fili cewa kana son duk takardar da ta shafi gwaji, nuni, ko amfani na wucin gadi, ko an biya ko ba a biya ba. Ka ƙara da kyauta ko gudummawa, domin manyan rundunoni da yawa suna da gidauniya mai zaman kanta da attajirai da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, ita sai ta saya ta miƙa musu ba tare da an bi ta majalisa ba.

Na biyu manufofi da horo: duk wata ƙa'ida, umarni, littafin koyarwa, silaid ɗin bita, da fom ɗin da jami'i ke cikewa kafin a ba shi izinin buɗe asusu da sunan da ba nasa ba. A nan ko amsar "babu" ma riba ce. Idan rasit ya nuna sun sayi manhaja, sannan suka rubuto maka cewa ba su da wata rubutacciyar ƙa'ida kan amfani da ita, to ka samu labari babba da sa hannunsu a kai.

Na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, jerin kalmomin bincike. Ka nemi kalmomi da hashtag da sunayen asusu da wuraren da aka zana wa da'ira a taswira, da saƙonnin faɗakarwa da manhajar ta riƙa turowa, da rajistar da ke nuna wane jami'i ya shiga, yaushe, me ya bincika. Kwangila za ta gaya maka sun sayi abu, amma jerin kalmomin ne ke gaya maka wa suke kallo a matsayin barazana. A Firesno ta Kalifoniya haka aka gano kamfanin Media Sonar ya ba 'yan sanda jerin hashtag da za su bi, ciki har da #BlackLivesMatter da #DontShoot da #ImUnarmed, kalmomin mutanen da ke kuka kan kisan da 'yan sanda ke yi. Za su fi yi maka gardama kan wannan kason fiye da kowane, shi ya sa nake ba da shawarar ka raba shi da na kuɗi, ka aika wasiƙa biyu, kar taurin ɗaya ya riƙe ɗaya.

Na huɗu imel. Nan sai ka yi taka-tsantsan don idan ka ce "duk wani imel da ya shafi soshiyal midiya" za su ce buƙatar ta yi faɗi ba za ta yiwu ba, ko su yanko maka kuɗin da zai sa ka gudu. Ka ba su abin da mai kula da kwamfuta zai iya bincikawa cikin minti goma: imel ɗin da ya shigo ko ya fita zuwa adireshin da ya ƙare da sunan kamfani kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza, a akwatin sashen leƙen asiri da sashen bincike da ofishin shugaban runduna, haɗe da duk abin da aka maƙala. A irin wannan imel ɗin ne ACLU ta arewacin Kalifoniya, wadda ta aika buƙata ga hukumomi 63 a 2016, ta ga wakilin Geofeedia yana tallar cewa sun bi zanga-zangar garin Faguson, wadda aka yi a 2014 bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, da nasara, ta kuma ga kamfanin yana da wata ƙofa ta musamman zuwa bayanan Facebook da Instagram da Twitter. Facebook da Instagram sun toshe masa ƙofar a Satumban 2016 bayan ACLU ta sanar da su, Twitter ma ya toshe da labarin ya fito a Oktoba, a Maris 2017 kuma Facebook ya rubuta ƙarara a ƙa'idojinsa cewa ba a yarda a yi amfani da bayanansa wajen sa ido ba. Idan a Kalifoniya kake ka ƙara da cewa kana son har saƙonnin aiki da aka yi ta waya ko imel na ƙashin kai, kotun ƙolin jihar ta yanke a 2017 cewa su ma takardun jama'a ne.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa, ba duk sa ido ne ke buƙatar manhaja mai tsada ba. Takardun Los Anjalas ɗin nan sun nuna katin da jami'ai ke cikewa idan sun tare mutum a titi yana da gurbin rubuta sunan asusunsa na soshiyal midiya, ko da ba a kama shi da laifin komai ba. Ka nemi kwafin irin wannan fom ɗin wanda ba a cike ba, ba su da hujjar hana ka. Ka kuma nemi yarjejeniyar musayar bayanai tsakaninsu da cibiyoyin haɗa bayanan tsaro da aka kafa bayan harin 11 ga Satumba 2001, akwai kusan 80 a faɗin ƙasar, sau da yawa manhajar tana hannun cibiyar ne ƙananan rundunoni suna aika mata buƙata, sai runduna ta ce maka ita ba ta mallaki komai ba.

A ƙarshen wasiƙar ka sa abu huɗu. Tsawon lokacin da kake nufi, misali daga 1 ga Janairun shekara kaza zuwa ranar da za a yi binciken. Cewa kana son takardun ta imel a yadda suke a kwamfuta, jadawali ya zo a jadawalinsa kar a buga shi a takarda a sake ɗaukar hotonsa. Cewa idan za a hana wani abu a faɗi sashen dokar da aka dogara da shi a kuma saki ragowar da ba ta shafa ba. Sannan iyakar kuɗin da ka yarda a kashe, ka ce idan zai wuce dala 25 ko 50 a tuntuɓe ka tukuna. Ba sai ka faɗi dalilinka na nema ba, kuma kar ka zuba fushi ko zargi a ciki, wanda zai buɗe wasiƙar galibi ma'aikacin ajiyar takardu ne da aiki ya yi wa yawa, idan ka mutunta shi zai iya gaya maka da bakinsa yadda za ka gyara buƙatar ta wuce.

Kuɗi

A tarayya ɗan jarida da mai bincike na makaranta kuɗin kwafi kawai suke biya bayan shafi 100 na farko, sauran mutane marasa neman riba suna da awa 2 na bincike da shafi 100 kyauta. Kana iya roƙon a yafe maka gaba ɗaya idan ka nuna jama'a za su amfana kuma kana da hanyar yaɗawa. A jihohi kowa da tsarinsa. Idan aka yanko maka dubban daloli kar ka biya kar kuma ka watsar, ka ce a rarrabe maka lissafin awa nawa, ma'aikaci nawa, shafi nawa, daga nan za ka ga wane kaso ne ya kumbura kuɗin sai ka rage shekarun ko ka cire wasu akwatunan imel.

Bin sawu, da abin yi idan an ce a'a

Ka aika ta hanyar da za ta bar shaida, shafin karɓar buƙatu na hukumar ko imel ko MuckRock, ka ajiye lambar da aka ba ka, ka rubuta ranar cikar wa'adi a kalanda. Ranar ta wuce da kwana ɗaya ka tura tunatarwa mai ladabi da lambar a sama. Duk abin da kuka yi magana a waya ka biyo shi da imel ka ce kamar yadda muka yi magana yau kun ce kaza. Jinkiri shi ne abin da ya fi kashe buƙatu, ba a ce maka a'a ba amma ana ta ɗaga rana har ka gaji, wasu sukan kai shekara, to ka roƙa a riƙa sakin abin da ya kammala kashi-kashi maimakon a jira sai duka.

Uzurin da za ka fi ji shi ne na dabarun bincike, a tarayya sashe na 7(E) kenan, jihohi ma suna da makamancinsa, wai idan aka bayyana masu laifi za su san yadda za su kauce. Amsarka ita ce kamfanin da kansa yana tallar abin da manhajarsa ke yi a shafinsa, wasu rundunonin sun riga sun saki irin takardar, sai ka maƙala misali daga MuckRock, kuma farashi da ranar kwangila ba dabarar kama ɓarawo ba ne. Na biyu sirrin kasuwanci, kamfani ya ce farashinsa da littafin horonsa nasa ne, wani lokaci har da yarjejeniyar rufe baki, amma a ƙa'ida yarjejeniyar da hukuma ta ƙulla da kamfani ba ta fi ƙarfin dokar jiha ba, kuma ita kanta yarjejeniyar takarda ce, ka neme ta. Na uku binciken da ba a gama ba, a nan ka ce ba fayil ɗin kowace shari'a kake so ba, a shafe sunayen mutane a ba ka sauran.

Akwai na huɗu mai ɗaci, su ce ba za su tabbatar ko su musanta cewa takardar ta wanzu ba. Ana kiransa amsar Glomar, daga sunan wani jirgin ruwa da CIA ta yi aiki da shi a shekarun 1970. Da a tarayya aka fi sanin shi, sai a 2018 babbar kotun jihar Niyok ta yarda 'yan sandan birnin su yi amfani da shi a shari'ar Imam Talib Abdur-Rashid na Halem, wanda ya nemi sanin ko an sa masa ido shi da masallacinsa. Abin da wannan ke koya mana shi ne neman "fayil ɗina" ya fi saurin cin karo da bango, neman takardun tsarin gaba ɗaya, kuɗinsa da ƙa'idarsa da kalmominsa, ya fi samun hanya, tunda ya fi musu wuya su ƙi tabbatar da ko sun biya kamfani.

Idan an hana ka, ɗaukaka ƙara kyauta ne a mafi yawan wurare kuma wasiƙa ce kawai, amma tana da wa'adi. A tarayya ana ba ka aƙalla kwana 90, akwai kuma ofishin OGIS da ke shiga tsakani. Niyok kwana 30 ne kacal. A Masacusets mai kula da takardun jiha ake kai wa cikin kwana 90, a Ilinoi akwai jami'i na musamman a ofishin babban lauyan jiha. Kalifoniya ba ta da wannan matakin, daga ƙi sai kotu, sai dai idan ka yi nasara hukumar ce ke biyan lauyanka, wannan ya sa ake samun lauyoyin da ke karɓar irin ƙarar. Kafin ka kai nan ka tuntuɓi reshen ACLU na jihar ko asibitin shari'a na wata jami'a, wato inda ɗaliban lauya ke ɗaukar ƙara kyauta ƙarƙashin malamansu.

Kuma gaskiya akwai abin da wasiƙa ba ta iya fitarwa. A Memfis sai da aka shiga shari'a sosai aka gano wani jami'i ya buɗe asusun Facebook da sunan Bob Smith yana ƙulla abota da masu fafutuka, a 2018 alƙalin tarayya ya ce birnin ya karya wata yarjejeniyar kotu ta 1978 da ta hana shi leƙen asirin siyasa, Facebook kuma ya rubuta wa rundunar ta daina.

Idan takardun sun iso

Ka ajiye asalin fayil ɗin yadda ya zo kar ka taɓa shi, ka yi aiki da kwafi. Ka ɗauki wasiƙarka ka bi lamba-lamba ka ga wanne aka amsa wanne aka tsallake, sannan ka karanta kowane shafi da biro a hannu, kana fitar da ranaku da sunayen kamfanoni da lambobin oda. Imel zai ce "ga abin da na maƙala" amma babu abin da aka maƙala ɗin, rasit zai ambaci sabunta kwangila alhali ba a ba ka ta farkon ba, wani jami'i zai ambaci rahoton mako-mako da ba ka taɓa jin labarinsa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sabuwar wasiƙa ce, kuma ta biyun takan fi ta farko kaifi don yanzu kana kiran takarda da sunan da su suke kiranta. Ka jera ranakun binciken kusa da abin da ke faruwa a birnin a lokacin, zanga-zanga ce, zaɓe ne, watan azumi ne, a nan ake ganin ko laifi ake bi ko ra'ayi.

Ka yi adalci wajen faɗin abin da ka gani. Sayen manhaja daban, amfani da ita kan wani daban, idan kwangila kawai ke hannunka ka ce kwangila ka gani. Ka ba rundunar da kamfanin dama su yi magana kafin ka wallafa.

Sai abin da ya fi damuna a duk harkar nan. A cikin takardun za ka iya tarar da hotuna da sunaye da rubuce-rubucen mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, yara 'yan makaranta, mata, baƙin da ke tsoron a kore su, waɗanda manhaja ta kwaso don kawai sun rubuta wata kalma. An riga an shiga haƙƙinsu sau ɗaya. Kafin ka ɗora komai a DocumentCloud, shafin da ake wallafa takardu a intanet, ko ka tura wa wani, ka rufe sunayensu da fuskokinsu, kuma ka tabbatar rufewar ta gaske ce, domin baƙin layin da aka ja a kan PDF sau da yawa rubutun yana nan a ƙarƙashinsa, kowa zai iya kwafe shi ya liƙa a wani wuri ya karanta. Ka gwada da kanka, ka ja linzami a kan wurin da ka rufe ka kwafa ka gani. Idan kuma akwai wanda ka gane a ciki kuma kana da hanyar samunsa, ka sanar da shi a keɓe kafin ya gani a intanet, ka ba shi kwafin shafin da ya shafe shi da lambar buƙatar, ko zai so ya kai wa lauya.